Almon a tsakar gida: wanda zai yi a Kaduna da yadda ake rainonsa

Duk wanda ya taɓa sayen almon na cikin leda a manyan kantunan Kaduna ya san irin tsadarsa, don haka ba laifi ba ne idan zuciya ta raya masa ya binne ƙwaya biyu ko uku a bayan ɗaki, ko Allah zai sa ya huta da saye. Sai dai kafin a ɗauko diga da shebur, ya kamata a san cewa bishiyoyi biyu ne suke amsa wannan suna, kuma ko dangi ba su haɗa ba. Ta farko ita ce wadda Larabawa suke kira lauz, masana tsirrai kuma suke ce mata Prunus dulcis. Asalinta yankin Iran ne da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita, amma a yau jihar Kalifoniya ta Amurka ce take fitar da kusan kashi 80 cikin 100 na wanda ake ci a duniya. Ta biyu kuwa ita ce wadda muka taso muna jifan 'ya'yanta a harabar makarantun firamare da asibitoci da barikoki, mai rassa hawa-hawa kamar an jera faya-fayai a jikin sanda, wadda yara suke kira furut. Sunanta a wurin masana Terminalia catappa. Daga gaɓar teku a yankunan Asiya masu zafi ta zo mana, kuma 'yar'uwar baushe ce da muke da shi a dajinmu.

Ta farkon ba ta Kaduna ba ce, ko da kuwa an cika mata rami da taki. Bishiya ce da sai ta yi barci cikin sanyi kafin ta yi fure, kuma gwargwadon iri tana bukatar sa'o'i 200 zuwa 500 waɗanda ma'aunin zafi yake ƙasa da digiri 7. Hunturunmu, duk da yadda yake sa mu jin wuta da asuba a Disamba da Janairu, yakan tsaya ne a wajen digiri 13 zuwa 16. Sannan tana son 'ya'yanta su nuna cikin busasshiyar iska, mu kuwa a Agusta da Satumba sama ba ta ɗagawa. Idan aka ga masu sayar da iri a intanet sun rubuta cewa wani almon yana da jure wahala, ƙanƙara da daskarewar ƙasa suke nufi, kuma ba mu da wannan wahalar. Tamu ita ce wata biyar babu ɗigon ruwa, zafin Maris da Afrilu, gara, da akuyar maƙwabta. Wanda ya samu ɗanyar ƙwaya ya ajiye ta a firji na wasu makonni zai iya ganin tsiro, har ya yi murna, amma ganye zai yi ta kallo shekara da shekaru. Furut ce take jure irin wahalarmu, don haka a kanta sauran bayanin zai tsaya.

Wuri kafin iri

A wajen zaɓen wuri aka fi yin kuskure, domin mutum yakan dubi tsiron da bai wuce gwiwarsa ba ya manta cewa nan da shekara goma zai fi rufin gidansa tsawo. Inda ta samu sakewa, bishiyar nan takan haura mita 20, rassanta kuma a kwance suke miƙewa, har inuwar ta kai faɗin mita 10 ko fiye. Abin da rassa suke yi a sama shi saiwoyi suke yi a ƙasa. Suna bin kusa da doron ƙasa suna neman laima, kuma a unguwannin da marmara take kusa, inda saiwa ba ta samun hanyar nutsewa, bazuwar takan fi haka. Na san gidan da aka dasa ta taku uku daga katanga don a samu inuwar ajiye mota. Ba a cika shekara takwas ba katangar ta tsage tun daga tushe, daɓen siminti ya ɗaga, maigidan ya koma biyan mai sara da magini a lokaci guda.

Saboda haka a ɗauko igiyar awo a bar aƙalla mita 6 tsakanin ramin da katanga, da tushen gini, da masai, da sokawe, da rijiya. Idan da hali, mita 8 ya fi kwanciyar hankali. A ɗaga kai kuma a duba wayar wuta, don kada a raini bishiyar da ma'aikatan lantarki za su zo su yi wa askin dole. Fulotin da aka saba yankawa a nan, mai ƙafa 50 da 100, bai wuce mita 15 da 30 ba, kuma da zarar an kafa ɗakuna sai a tarar wurin da ya cika wannan sharaɗi bai wuce tsakiyar fili ko ƙofar gida ba. Katangar maƙwabci ma tana cikin lissafi, domin saiwa ba ta san iyakar fuloti ba, kuma abin kunya ne bishiyar da aka dasa don inuwa ta kai mutum gaban mai unguwa. Idan an auna an ga babu wurin, gaskiya ita ce a haƙura a dasa gwaiba ko lemo.

Wurin ya kasance mai samun rana tun safe har la'asar. A sani kuma 'ya'yan da suka nuna suna barin tabo a jikin mota da daɓe idan sun faɗo sun fashe.

Samun tsiro

Hanya biyu ce: ko a saya wurin masu sayar da furanni da dashe a bakin titi, ko mutum ya raina da kansa. Mai saye ya lura da ganye, domin akwai wata 'yar'uwarta mai ƙananan ganye, Terminalia mantaly, wadda ita ma rassanta hawa-hawa ne, kuma ta cika gidajen zamani, amma ba a cin 'ya'yanta. Ganyen furut babba ne, tsawonsa yakan kai santimita 15 zuwa 25, faffaɗa daga can baki, siriri daga wajen kara. A zaɓi tsiro mai tsawon santimita 30 zuwa 50, mai kara ɗaya miƙaƙƙe. Kada girma ya ruɗi mutum. A ce wa mai sayarwa, "Malam, ɗaga min ledar in ga gindinta." Idan saiwa mai kauri ta huda leda ta shiga ƙasa har sai da aka yanke ta, ko ta nannaɗe a ciki kamar gammo, wannan tsiro ya daɗe a tsare, kuma ƙaramin da ke gefensa zai wuce shi cikin shekara guda. Mai son shawarar masana kuma, muna da kwalejin gandun daji ta tarayya a Afaka.

Ni dai na fi son reno, saboda dalili ɗaya: mutum shi yake zaɓen uwa. Bishiyoyin furut ba ɗaya suke ba. Wata namanta da zaƙi, wata da bauri har ya ɗaure harshe. Wata ƙwayarta cikakkiya, wata kuwa sai an sha wahalar fasawa a tarar da abin da bai fi tsinke ba. A zagaya unguwa a ɗanɗana, a fasa ƙwallo huɗu ko biyar daga kowace, sannan a nemi izinin mai bishiyar da ta fi. Ɗa ba ya ɗauko uwa sak idan daga ƙwallo ya fito, amma ya fi kusa da ita a kan wanda aka tsinta a hanya.

A tsinci waɗanda suka nuna suka faɗo sababbi, masu launin rawaya ko ja. A kankare naman, a wanke ƙwallon, a shanya a inuwa kwana biyu ko uku. Akwai gwajin da manoma suka saba yi wa iri, na zubawa a ruwa a zubar da wanda ya taso. Wannan gwaji ba ya aiki a nan, domin ɓawon furut kamar soso yake, haka aka halicce shi don ya yi yawo a kan teku, kuma mai kyau da marar kyau duk tasowa suke yi. Abin da za a yi shi ne a jiƙa ƙwallayen kwana ɗaya, a danne su da dutse don su nutse. Ba sai an fasa ɓawon ba, domin ƙwayar da aka tsiraita saurin ruɓewa take yi.

A samu ledar reno mai zurfin santimita 20 zuwa 25, a huda gindinta, a cika ta da haɗin ƙasar sama kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ledar fiya wata ta yi ƙanƙanta. A kwantar da ƙwallon a gefensa, a rufe shi da ƙasar da ba ta wuce kaurin yatsu biyu ba, a ajiye a inuwar da rana take ɗan ratsawa, kamar gindin dogon yaro. A riƙa ba shi ruwa yadda ƙasar za ta zauna da laima ba tare da ta zama taɓo ba. Tsiro yakan fito tsakanin mako 3 zuwa 8, kuma ba tare suke fitowa ba, shi ya sa ake shuka biyar ko shida ko da ɗaya ake bukata. Ganye biyun farko a naɗe suke ɓullowa, daga baya su warware. Duk bayan mako biyu a ɗaga ledojin a sauya musu zama, don kada saiwa ta kama ƙasa. Wanda ya shuka a Fabrairu ko farkon Maris zai samu tsiron da ya isa dashe a Yuni. Saura mako biyu a dasa, sai a fara fito da shi rana a hankali, yau awa biyu, gobe uku, har ya saba.

Rami da dashe

Lokacin dashe a Kaduna shi ne daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli, bayan damina ta zauna. Ruwan Afrilu da farkon Mayu ba abin dogaro ba ne, yakan sauka sau biyu ya ɗauke kwana goma, rana ta gasa abin da aka dasa. Dashen Satumba kuma bai gama kama ƙasa ba iskar hunturu za ta same shi.

A haƙa ramin mako biyu kafin ranar, faɗi da tsawo da zurfi duk santimita 60. Baƙar ƙasar sama a tara ta gefe guda, jar ta ƙasa a wani gefen. A sababbin unguwanni sau da yawa abin da ke ƙarƙashin tsakar gida baraguzan bulo ne da busasshen siminti da magina suka binne, sai a kwashe su duka. Idan diga ta ci karo da marmara, a farfasa ta gwargwadon iko. Daga nan a cika ramin da ruwa a bar shi ya kwana. Idan gari ya waye ruwan yana nan kwance, to, wannan rami randa ce, kuma a watan Agusta saiwa za ta ruɓe a ciki. Ko dai a ƙara fasa gindin, ko a sauya wuri, ko a tara ƙasa a yi ɗan tudu a dasa a kai.

A gauraya ƙasar saman da bokiti biyu na takin gargajiya, a mayar cikin ramin. Sharaɗin takin shi ne ya ruɓe har ya koma baƙi, ya daina wari da ɗumi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, ɗanyen kashin shanu kuwa goron gayyata ne ga gara. Wanda ya samo nasa daga zango ko gidan kaji, ya tara shi a gefe yana yayyafa ruwa yana juyawa na wata biyu kafin ya yi amfani da shi.

Ranar dashe a jira la'asar sakaliya. A tsaga ledar da reza daga sama zuwa ƙasa a zare ta, a kula kada dunƙulen ƙasar ya watse. A zaunar da tsiron yadda wuyansa zai yi daidai da doron ƙasa, kamar yadda yake a cikin leda, domin binne kara yana kawo ruɓewa. A cike gefe, a danna da tafin hannu, a yi ɗan gewayen ƙasa kamar bakin kwano don ya riƙe ruwa, sannan a zuba jarka ɗaya mai lita 20 ko da hadari ya haɗo. A kafa sanda a gefe a ɗaure karan da tsumma, ɗauri sako-sako. Idan a ƙofar gida ne, ko akwai dabbobi a cikin gida, a yi masa keji na waya ko na itace a ranar, kada a ce sai gobe. Akuya ba ta bukatar fiye da minti biyu.

Rani biyu na farko

Duk juriyar da ake faɗa ta babbar bishiya ce. Ƙaramar kuwa, ranin farko da na biyu su ne suke yanke mata hukunci. Daga ƙarshen Oktoba, idan ruwa ya ɗauke, a riƙa ba ta lita 20 duk bayan kwana uku, a Maris da Afrilu kuma duk bayan kwana biyu. Gwamma a ba ta da yawa jefi-jefi da a riƙa yayyafa mata kofi guda kullum, domin ruwan da ya nutse shi yake jan saiwa ƙasa, wanda ya tsaya a sama kuwa shi yake koya mata bin daɓe. Gidan da ake sayen ruwa wurin 'yan garuwa ba sai an ware mata nata ba. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ɗaurayar kayan miya duk sun wadatar, ban da mai garin sabulu da bilic. Wanda ba ya wuni a gida zai iya binne tsohon tulu kusa da ita, bakinsa a waje, ya riƙa cikawa yana rufewa, ruwan ya yi ta tsatsafowa a hankali.

A lulluɓe gindin da busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa don rage ƙafewar ruwa, amma a bar tazarar tafin hannu tsakanin lulluɓin da karan, a barbaɗa toka a wannan tazarar. Duk mako a yaye a duba. Idan an ga gara ta fara gina hanyarta ta ƙasa a jikin kara, a kankare, a nemo inda take fitowa. Gara ta fi cin bishiyar da ƙishirwa ta raunana, shi ya sa ban ruwa a kan kari yake rage ɓarnarta.

Cikin hunturu za a ga ganye sun koma ja da ruwan goro suna zubowa, wani lokaci har bishiyar ta kusa yin tsirara. Mutane da yawa sukan ɗauka mutuwa ce, su yi ta ɗura mata ruwa da taki, alhali ɗabi'arta ce, kuma ba a jimawa sabon toho mai sheƙi yake fitowa. Alamar ƙishirwa daban take: sabon ganyen da ke kan tsini shi ne yake langaɓewa, bakinsa ya bushe.

A shekara ta biyu ban ruwa sau ɗaya a mako ya isa, daga ta uku kuma sai dai idan zafi ya tsananta. Takin zamani ba dole ba ne. Mai son sawa ya zuba cikin tafin hannu ɗaya na NPK 15-15-15 a Yuni, wani a Agusta, a zagaye nesa da kara, ya rufe da ƙasa.

Datse rassa

Bishiyar tana girma ne da tsari: kara ya miƙe sama, ya tsaya ya fitar da rassa a zagaye, ya sake miƙewa ya fitar da wani hawan. Wannan tsari shi ne yake ba mai gida damar juya ta yadda yake so. Hawan ƙasa ana cire su ɗaya bayan ɗaya, hawa guda a shekara, har a samu sararin mita 2 zuwa 2 da rabi da mutum zai wuce ba tare da sunkuyawa ba. Kada a yi gaggawar cire su tun tana ƙarama, domin su suke ciyar da karan ya yi kauri. Bayan an samu hawa uku ko huɗu a saman wannan sarari, sai a yanke kan bishiyar dab da hawan ƙarshe. Daga nan ƙarfinta zai koma gefe, ta zama rumfa, a tsayin da tsani yake kaiwa. Za ta yi ta ƙoƙarin fitar da sabon kai, sai a riƙa cire shi duk shekara. A yi aikin da zarto a ƙarshen rani, kafin ruwa ya sauka. Sara da adda yana tsaga reshe ya bar raunin da ruwa zai kwanta a ciki.

Idan an hangi kauci ya kama wani reshe, a yanke reshen daga ƙasan inda ya maƙale tun kafin ya yi 'ya'ya tsuntsaye su yaɗa shi. Tsutsa da fara sukan huda ganye da damina, amma a ƙaramar bishiya tsincewa da hannu ta wadatar, babba kuwa ba ta ma san ana yi ba. Shara ita ce harajin da za a riƙa biya. Ganyen suna da kauri kuma ba su saurin ruɓewa, don haka a riƙa kwashe su daga indararo da kwata kafin damina, a tara su a rami tare da kashin dabbobi. Kada a ƙona su a gindin bishiyar.

'Ya'ya

Yawanci daga shekara 3 zuwa 5 take fara haihuwa, kuma bishiya ɗaya ta isa, domin zangarniyar furenta tana ɗauke da na miji da na mace, ƙudan zuma da sauran ƙwari su ne suke haɗa su. Furen ƙanana ne farare, ba kowa yake lura da su ba. 'Ya'yan sukan kai tsawon santimita 5 zuwa 7, kore da fari, sannan rawaya ko ja. Jemagu za su riga kowa sanin sun nuna. Wanda aka ga haƙorin jemage a jikinsa kada a bar yara su ci namansa, amma ƙwallon yana da amfani bayan an wanke.

A tara ƙwallayen, a kankare naman, a shanya a rana mako ɗaya zuwa biyu, har a ji ƙwayar tana ɗan motsi idan an girgiza. Fasawa ita ce aikin, kuma nan ne wanda ya yi mafarkin cika buhu yake saukowa, domin ɓawon ya ninka ƙwayar sau da yawa. Idan aka kwantar da ƙwallon aka doke shi a ciki, ƙwayar dagargajewa take yi. A tsayar da shi a kan kaifin gefensa bisa dutse, a riƙe da filaya maimakon yatsu, a buga da guduma a kan ɗaya kaifin, sai ya rabe biyu ƙwayar ta fito ɗungurungum, doguwa siririya cikin jar riga. Kusan rabinta mai ne, shi ya sa take da garɗi, shi ya sa kuma take saurin sauya ɗanɗano idan an fasa an ajiye. A bar su cikin ɓawonsu a busasshen wuri, a riƙa fasa na kwana biyu ko uku. Duk wadda ta yi funfuna ko ta yi ɗaci a zubar. Ana cin ta ɗanya, ana kuma soya ta a yashi kamar gyaɗa, sai dai a rage wuta kuma kada a bar gefen kaskon, domin ta fi gyaɗa saurin ƙonewa.